Yadda Ake Kafa Gasar Poka ta Zumunci a Gidan Abinci a Ingila, Ba Kuɗi Ba Caca

Tun da ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi suka yawaita a biranen Ingila, ake ta maimaita mini tambaya ɗaya. Abokan aiki suna zuwa poka, wani wasan karta, duk Talata da dare a wata mashaya, sun ce gasa ce ta maki, sun gayyaci mutum, shi kuma bai san ko caca ba ce ko wasa. Daga nan sai tambaya ta biyu ta biyo: za mu iya yin namu a wurin da ba a sayar da giya? Za a iya. Amma wurin da kuka zaɓa da ƙa'idar da kuka shimfiɗa a daren farko su ne za su nuna ko abin zai zauna a zumunci ko zai zarce inda ba ku nufa ba.

Maganar addini gajeriya ce a nan. Idan kuɗi ya hau teburi caca ce, babu mai ja. Karta ba kuɗi kuwa, akwai malaman da suka hana, akwai waɗanda suka sassauta da sharaɗin kada ta ci lokacin salla. Wannan tsakaninka ne da malaminka. Abin da ke ƙasa na wanda ya riga ya yanke shawara ne.

1. Fara da doka, ba da neman wuri ba

Dokar Caca ta 2005 ita ke aiki a Ingila da Wales da Scotland, hukumar Gambling Commission ke sa ido a kanta, kuma sashen lasisi na kansil ɗin garinku, wato ƙaramar hukuma, ne ke bibiyar wurare. Dokar ta ba mashaya mai lasisin giya damar a buga poka a ciki ba tare da wani lasisin caca ba, bisa iyaka. Mutum ɗaya ba zai zuba fiye da fam 5 a wasa ɗaya ba. Jimillar abin da aka zuba a wurin a rana ɗaya ba za ta wuce fam 100 ba, kyautar wasa ɗaya ma ba za ta wuce fam 100 ba. Ba a karɓar kuɗin shiga, mai wuri ba ya cire kaso daga abin da aka zuba, kuma wanda bai kai shekara 18 ba ba ya zama.

Ga inda mutanenmu ke tuntuɓe. Wannan sassaucin na mashaya ne kawai. Gidan abinci na halal wanda ba shi da lasisin giya bai shiga ciki ba. Dokar kuma tana ɗaukar wasan sa'a a matsayin caca muddin akwai kyautar kuɗi ko abin da ke da darajar kuɗi, ko da ɗan wasa bai zuba ko sisi ba. Ke nan idan kuka ce shiga kyauta ne amma wanda ya ci za a ba shi takardar cin abinci ta fam 20, kun jefa mai gidan abincin cikin matsala ba ku sani ba.

Gargaɗi: a gidan abinci, maki kawai. Ba kuɗi, ba waya, ba farantin shinkafa kyauta ga zakara. Idan kuna son ba da kofi a ƙarshen zango, ku rubuta wa sashen lasisi na kansil ku tambaya tukuna, ku adana amsar da suka ba ku.

2. Idan za ka iya, je ka ga yadda masu yi ke yi

Kamfanoni irin su Redtooth Poker da Nuts Poker League suna gudanar da gasar mako-mako a mashayu a faɗin ƙasar, kuma shafukansu na nuna wurin da ya fi kusa da kai da ranar wasa. Dare ɗaya na kallo zai koya maka yadda ake tafiyar da agogo da haɗa tebura fiye da dogon bayani. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga mashaya ba, ya tsallake wannan mataki, bidiyon gasa a YouTube ya isa.

Idan ka je, tambayi mai tafiyar da wasan tun kafin ka zauna: yau ana zuba kuɗi ko maki ne zalla? Wasu wuraren suna yin na fam 5. Ka kuma san cewa wasan ƙarshe na yanki a irin waɗannan gasa galibi a gidan caca ake yin sa, don kada ka tara maki wata uku sannan ka tarar da ƙofar da ba za ka shiga ba.

3. Tara mutane kafin ka yi wa kowa alkawari

Mutum shida sun isa a fara, takwas sun fi daɗi a teburi ɗaya, goma sha shida kuma tebura biyu ke nan. Buɗe zauren WhatsApp ka sa ƙa'ida: duk mai zuwa ya rubuta sunansa kwana ɗaya kafin wasa. Masu aikin dare ba kowane mako za su samu ba, don haka in kana son mutum takwas a teburi sai ka tara sha biyu ko fiye. Ka nemi mutum biyu da suka riga suka iya wasan, ko da ba Hausawa ba ne. Teburin da kowa ɗan koyo ne gardama ke cinye shi.

4. Zaɓen wuri

Nan aikin yake. Yawancin gasar da ke mutuwa a wata na biyu, wuri ne ya kashe su, ba 'yan wasa ba.

Fara da titunan da gidajen abinci na halal suka taru: Wilmslow Road a unguwar Rusholme ta Manchester, Ladypool Road da Coventry Road a Birmingham, Leeds Road a Bradford, Edgware Road a Landan. Akwai kuma gidajen abincin 'yan Najeriya a Peckham, sai dai da yawansu suna sayar da giya, ka duba idan wannan ya dame ka. Kada ka ruɗu da wurin da ya fi suna. Wanda layi ke ƙofarsa ba ya buƙatarku, zai fara kallon agogo tun ba ku raba kati na uku ba. Nemi wanda abincinsa ke da kyau amma yana da ɗakin sama ko lungun baya da ke zama wayam daga Litinin zuwa Laraba.

Je ka ci abinci a wurin a daidai rana da sa'ar da kuke son wasa, ka lura da waɗannan:

Teburi. Mutum takwas suna son teburi mai faɗi wanda hannun kowa zai kai tsakiya. Ƙananan tebura biyu a haɗe sun yi, in dai tsayinsu ɗaya ne kuma ba sa rawa. Kujerun da aka kafe a bango ba su dace ba, domin duk wanda ya fita daga wasa sai an tashi mutum uku kafin ya wuce.

Haske. Wurare masu fitila ja-ja mai duhu suna da kyau a hoto, amma a can ne ake rikita 6 da 9.

Hayaniya. Idan akwai talabijin ɗin ƙwallo a saman kanku, daren Talata da Laraba na gasar zakarun Turai ne, rabin teburin zai koma kallo. Ko ku ɗauki Litinin, ko ku nemi ɗakin da babu allo.

Lokacin rufewa. Wasa yana cin awa uku. In kun fara ƙarfe bakwai, wurin da ke rufewa ƙarfe goma bai ishe ku ba, ku nemi na sha ɗaya. Duba kuma motar haya ko jirgin ƙasa na ƙarshe na wanda ya fi kowa nisa.

Wurin salla. A Disamba magariba na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, don haka an gama da ita har da isha'i kafin a zauna. A Yuni kuwa sai bayan tara, tsakiyar wasa ke nan. Ka tabbata akwai lungu mai tsabta ko masallaci a kusa.

Gargaɗi game da wuraren shisha. Tun 2007 aka hana shan taba a rufaffen wurin jama'a a Ingila, shi ya sa ɓangaren shisha dole a bar aƙalla rabin bangonsa a buɗe. A watan Yuli za ka ga kamar ka samu wuri. A Janairu yatsunku za su ƙage, iska ta riƙa kifar da kati. Ni dai ban taɓa ganin dalilin wahalar da kai haka ba alhali akwai ɗaki mai ɗumi a gidan gaba.

5. Magana da manaja

Ka je da rana, tsakanin ƙarfe uku da biyar, lokacin da babu ciniki. Kada ka buɗe baki da sunan wasan, domin da yawa daga masu gidajen abincin nan Musulmi ne, da sun ji poka caca ce za ta faɗo musu a rai. Ka ce kuna da ƙungiyar abokai mutum takwas zuwa sha shida da ke son zuwa cin abinci duk Litinin, su zauna awa uku suna karta ta maki. Sannan ka faɗi sunan wasan ƙarara, ka nuna masa takardar ƙa'idojinku wadda layinta na farko ya ce babu kuɗi babu kyauta. Kada ka ɓoye, zai gani da idonsa ranar da ƙwandalolin roba na wasan suka zube a teburi. In ya ce a'a, ka yi godiya ka nufi gaba.

In ya amince, ku daidaita abu uku. Na ɗaya, kowane ɗan wasa zai sayi abinci ko abin sha, shi ne ladan wurin. Na biyu, kowa ya biya nasa a kanta lokacin da ya yi oda, ba a tara takarda ɗaya sai ƙarshen dare, don waɗanda suka fita da wuri sun tafi gida, saura ya faɗo kanka. Na uku, gwaji ne na mako huɗu, in bai yi wa ɗayanku ba a rabu lafiya.

Gargaɗi: kada ka karɓi kuɗin shiga daga hannun kowa a ƙofa. Kuɗin sayen kaya a yi karo-karo sau ɗaya tun a gida, a rubuta a zaure wa ya ba da nawa.

6. Kayan aiki

Akwatin ƙwandalolin roba mai guda 500 ya ishi tebura biyu, kuma matsakaicinsa yakan kama tsakanin fam 30 da 60, na hannu ya fi haka araha. Fakitin kati biyu ga kowane teburi, masu bayan launi daban, don a riƙa gauraya ɗaya yayin da ake wasa da ɗayan. Sayi na roba zalla irin na Copag. Na takarda ba ya jure man suya, da kusurwa ɗaya ta lanƙwashe kowa ya gane katin. Sai shimfiɗar teburi mai laushi wadda ake naɗewa, da faifan da ke nuna mai rabo, wanda yawanci yana cikin akwatin, da manhajar agogon poka ta kyauta a waya. Duka-duka fam 100 ya kamata ya wadatar, in aka raba wa mutum sha biyu bai kai kuɗin abincin dare ɗaya ba.

Kuskuren da aka fi yi: sayen akwati ba tare da duba yadda aka raba launuka ba. Kana buƙatar launi huɗu, kuma ƙananan sun fi yawa. Lissafin yana mataki na gaba, ka yi shi kafin ka biya.

7. Rabon ƙwandala da saita agogo

Kowa ya fara da 5,000: ƙwandala takwas na 25, takwas na 100, huɗu na 500, biyu na 1,000. Guda 22 ke nan. Ga mutum 16 kana buƙatar 128 na 25, 128 na 100, 64 na 500, da 32 na 1,000. Ƙulla na kowa a 'yar leda tun a gida.

A kowane hannu mutum biyu na hagun mai rabo suna yin zubin dole, ƙarami da babba, kuma zubin yana hawa duk minti 15: 25/50, 50/100, 75/150, 100/200, 150/300, 200/400, 300/600, 400/800, 600/1,200, 1,000/2,000, 1,500/3,000, 2,000/4,000. Mataki 12 ke nan, awa uku. Wasa yakan ƙare lokacin da babban zubi ya kai kusan kashi ɗaya cikin ashirin na duk ƙwandalar da ke yawo. Mutum 16 suna da 80,000, ke nan a wajen 4,000 za a tashi. In ku takwas ne za ku gama da wuri, kuna iya mai da kowane mataki minti 20.

Sa hutu na minti goma sha biyar bayan mataki na biyar, nan ake cin abinci, nan kuma ake canza ƙwandalolin 25 da manya tun da ba za a sake buƙatarsu ba. A lokacin zafi ka matsar da hutun ya dace da magariba.

Gargaɗi: wanda ƙwandalarsa ta ƙare ya fita, shi ke nan sai mako mai zuwa. Ba a sake ba shi, ba a ranta masa, ba a saya. Ta wannan ƙofa kuɗi ke fara shigowa.

8. Daren farko

Ku zo minti talatin kafin lokaci, ku buga hannu uku ko huɗu a buɗe don sababbi. Wasan da ake yi shi ne Texas Hold'em, da kati 52, an cire joka. Wurin zama da ƙuri'a ake raba shi, kada aminai su jeru.

Tsarin hannu ɗaya: a yi zubin dole, a ba kowa kati biyu a kife, a zagaya. A ajiye kati ɗaya gefe a kife, a buɗe uku a tsakiya, a zagaya. A sake ajiye ɗaya a buɗe na huɗu, a zagaya. Haka na biyar. A kowane zagaye mutum yana iya wucewa in ba wanda ya zuba, ko ya bi abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko ya jefar da katinsa. A teburin Turawa za ka ji cek, kol, res, fol, a wannan jerin. Wanda ya haɗa kati biyar mafi ƙarfi daga nasa biyu da na tsakiya biyar shi ya kwashe, sai faifan mai rabo ya matsa hagu.

Buga jerin ƙarfin hannu a takarda ka ajiye a kowane teburi, daga sama zuwa ƙasa: biyar a jere masu alama ɗaya, huɗu masu lamba ɗaya, uku da biyu, biyar masu alama ɗaya ba a jere ba, biyar a jere masu alama daban-daban, uku masu lamba ɗaya, tagwaye biyu, tagwaye ɗaya, sai babban kati. Sabon ɗan wasa yakan ɗauka launi ne ke haɗa kati. Ba launi ba ne, alama ce: jajaye biyar da suka haɗa mai zuciya da mai daimon ba komai ba ne.

Ƙa'idoji huɗu ne ke kashe yawancin rigima, ka karanta su da ƙarfi kafin a fara. Abin da baki ya furta ya zauna, wanda ya ce ya bi ba zai dawo ya ce ƙari yake nufi ba. Ƙari ana tura shi sau ɗaya, ba a tura kaɗan a kalli fuskar mutane a koma a ƙaro. Wanda ya jefa babbar ƙwandala ɗaya bai ce komai ba, bi ya yi. Wanda ya jefar da katinsa ya yi shiru har hannun ya ƙare. A ƙara da ta biyar in akwai baƙi: harshe ɗaya a teburi yayin da kati ke hannu. Mutum biyu suna Hausa a gaban ɗan Fakistan ko Bature, ko hirar ƙwallo suke yi, zai ɗauka baki suka haɗa.

Abin da ya fi rikita sababbi shi ne idan mai ƙwandala kaɗan ya zuba dukansa. A ce na farko yana da 1,000 ya zuba duka, sauran biyu kowa ya zuba 3,000. Tulin farko 3,000 ne, dubu ɗaya daga kowa, shi kaɗai na farkon zai iya ci. Ragowar 4,000 a ware gefe, tsakanin mutum biyun ne. A ware tun kafin a buɗe kati na gaba, ba bayan an ga wanda ya ci ba.

In tebura biyu ne, kada bambancinsu ya wuce mutum ɗaya. Da an ragu zuwa takwas a haɗe a teburi guda, a sake ƙuri'ar wurin zama.

9. Maki

Kada ka ƙirƙiro lissafin da sai da kwamfuta. Maki ɗaya na zuwa, maki ɗaya kan kowane mutum da ka riga ka daɗe fiye da shi a teburi, sai ƙarin 5 da 3 da 2 ga na ɗaya da na biyu da na uku. A daren mutum 12, zakara yana da 17, wanda ya fara fita yana da 1. Rubuta sunan kowa a takarda a daidai lokacin da ya fita, ka ɗauki hotonta ka tura zaure a daren. In ka bari sai gobe, kowa zai tuna cewa shi ne na huɗu.

Zango ya zama mako goma, amma a ƙirga mafi kyawun takwas na kowa, don wanda aiki ya riƙe sau biyu kada ya yanke ƙauna. Ku duba kalanda tun farko, a gama zango kafin azumi, a dawo bayan salla.

Gargaɗi: wata rana wani zai ce a ɗan sa fam biyar-biyar don wasan ya yi armashi, ko mutum biyu su ƙulla tsakaninsu ta waya. Ka tsayar da shi a ranar, a gaban kowa, ba da faɗa ba. Wanda ya maimaita a cire shi daga zango. Idan kuma ka lura wani ya koma buga na kuɗi a intanet har ya fara neman rance, ka ja shi gefe, ƙungiyar GamCare tana da layin taimako na kyauta dare da rana.

10. Rufe zango

Mutum takwas na sama su buga wasan ƙarshe a teburi ɗaya, kowa ya fara da 5,000 ɗin da aka saba, a ƙara masa 100 kan kowane maki da ya tara, don wahalar mako goma ta yi rana. A ba wannan dare minti 20 a kowane mataki, a sanar da manaja tun da mako ɗaya cewa za a ɗan daɗe kuma 'yan kallo za su zo. Bayan an tashi ka ƙirga ƙwandaloli da kati kafin ka rufe akwati, ka zauna da manaja minti biyar ka ji ko ranar da sa'ar sun yi masa, sannan ka sa ranar fara sabon zango a zaure, maki ya koma sifili.